Faɗakarwa a Kan Labarun Tsoro da Ake Yawo da Su a Kasuwanni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, almajiri ne kai a tsangaya ko falke a kan hanya, samuwar aljanu tabbas ce. Alƙur'ani ya zo da ita, har akwai sura guda da sunansu, sihiri kuma an ambace shi a Suratul Baƙara. Wanda ya musa wannan ya musa nassi. To amma yarda da asali ba ta wajabta maka gaskata kowane labarin da aka rataya masa ba. Manufar wannan fasali ita ce a ɗora labarun tsoro a kan sikeli, waɗanda ake yawo da su tsakanin Dawakin Kudu da Kura da Bunkure, a gindin buhunan shinkafa, da wajen kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, da makwancin almajirai bayan wutar karatu ta mutu.

Ka fara rarrabe su da tatsuniya. Tsohuwa in za ta ba jikokinta labarin Dodo ko Gizo da Ƙoƙi, tana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, tana rufewa da ƙurunƙus. Ta sanar da kai tun farko cewa ƙage ne, yaro ya ɗebi hikima ya yi barci. Labarin kasuwa kuwa yakan shigo da rigar gaskiya, da rantsuwa a gaba, ya bar mutane da fargaba da zargin juna. Saboda haka tatsuniya ta fi shi amana.

Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun tambayi isnadinta, wane daga wane, har a kai ga wanda ya gani da idonsa. Gwada wannan ga mai ba ka labarin tsoro. Zai ce ƙanin abokinsa ne ya ji daga wani direba. In ka nemi direban, sai a ce ya tafi Kurmi. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa hadisin da ke nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Wannan ita ce alama ta farko, sarƙar da ba ta da tushe.

Alama ta biyu, labarin yana sauya gari da shekara amma siffarsa ba ta sauyawa. A 2004, wayar hannu tana sabuwa a Najeriya, aka baza cewa akwai lambar da in ta kira ka ka ɗauka, jini zai zubo maka ka mutu. A 2011 maganar ta dawo da wata lamba, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito ta ƙaryata. Mutane sun ƙi amsa kiran iyayensu da abokan cinikinsu, ba a kuma nuna gawa ɗaya da aka tabbatar waya ce ta kashe ta ba. Ajali yana hannun Wanda Ya rubuta shi.

Mafi muni a cikinsu shi ne labarin ɓacewar mazakuta, cewa baƙo zai miƙa maka hannu ku gaisa, ko ya goge ka a cikin cunkoso, sai al'aurarka ta tafi. An ji shi a Najeriya tun wajen 1975, ya tashi a Ikko a 1990, a 1996 da 1997 ya ratsa Kamaru da Gana da Kwaddibuwa har Sanagal, aka kashe mutane da duka a kan titi. A 2023 ya sake tashi a Abuja, 'yan sanda suka gurfanar da waɗansu masu ihun a gaban alƙali bisa laifin tada hankali da ƙarya. Likitocin da suka duba masu kuka sun sami jikinsu cikakke. Ko a Singafo, can ƙasar gabas mai nisa, a 1967 maza da yawa sun cika asibiti da irin wannan kuka, su kuma naman alade suka zarga. Dalilin abin sananne ne ga duk namiji: sanyi da firgita suna sa gaɓar nan ta tsuke. Mutum ya riga ya ji labari, zuciyarsa ta cika da tsoro, wani ya taɓa shi, ya shafa ya ji ta ƙanƙance, sai ya kwarma ihu. Kafin tsoron ya sake shi an riga an farfasa wa bawan Allah kai.

A nan alama ta uku take, ita ce kuma ta shafe ka, ya kai matafiyi. Irin wannan labari kullum baƙo yake nuna wa yatsa. A ƙasashen da muka ambata, sau da yawa Bahaushe ɗan kasuwa ko mai tallan magani shi aka fi zargi, domin harshensa da shigarsa sun bambanta. Kai da kake yaɗa labarin a garinku kana ɗan gari, gobe in ka sauke kaya a Kurmi kai ne baƙon. Mutanen Bunkure sun san ɗacin wannan. A watan Maris na 2025, cikin Ramalana, aka tare mafarauta a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida yin Salla, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16, da yawansu 'yan Torankawa ne. Zargin da aka yi musu ba na sihiri ba ne, amma hanyar ɗaya ce: ihu, sai taro, sai kisa, babu shaida babu alƙali. Wanda ya yi kukan waɗannan bayin Allah bai kamata ya ɗauki sanda a kan baƙo saboda jita-jita ba.

Shari'a ta toshe wannan ƙofa. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da binciken labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. A fiƙihu, mai da'awa shi ke kawo shaida. Ko sihiri ya tabbata a kan mutum, hukuncinsa na shugaba ne da alƙali, taron kasuwa ba shi da hannu a ciki. Ka tuna kuma da Suratu Saba'i: Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Waɗanda ba su san mutuwar wanda ke gabansu ba, don me za ka ba su girman da Allah bai ba su ba? Suratul Jinni ma ta nuna cewa masu neman tsari da su ƙarin wahala suka samu.

Saboda haka in labari ya zo maka, tambayi mai shi wa ya gani, a ina, yaushe. In ya kasa, bar maganar ta mutu a kunnenka, kada ka kai ta gaba da baki ko da waya. In ka ga an taru a kan mutum, nemi mai unguwa ko hukuma, ka tsaya tsakani gwargwadon ikonka. In tsoro ya kama ka da dare, ga Ayatul Kursiyyu, ga Falaƙi da Nasi, sun ishe ka. Kai kuma gardi, kada ka riƙa tsorata ƙolo da labarun da kai ma ba ka san tushensu ba, domin abin da ka shuka a zuciyarsa da shi zai girma.

Allah Ya tsare harsunanmu daga ƙarya, Ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinSa, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya. Allah Shi ne Mafi sani.