Jinjina ga Mutanen Kuza

Wanda ya bi hanyar Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya karkata zuwa Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, zai tarar da tsofaffin ramukan kuza a gindin duwatsu. Tun kafin Bature ya zo, mutanen nan sun iya sana'arsu: su wanke yashi a ƙorama, baƙin garin kuza ya kwanta a ƙasa, su narka shi, su zuba shi sirara-sirara kamar tsinke, fatake su saya su kai Kano. Gwaninta ce ta gaske.

Daga baya sana'ar ta zama azaba ga wasu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai ta juyo kan Arewa. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa diban gwamna, ana kwasar manoma ta hannun hakimai da dagatai, ana tura su ramukan Jos aikin dole. Kwano a ka, ƙafa cikin ruwan sanyi, abinci ba isasshe ba. Da yawa ba su ga gida ba kuma. Allah Ya jiƙansu.

A Rasha an mayar da tsohon sansanin aikin dole na Perm-36 gidan tarihi, ana zuwa a ga ɗakunan da aka tsare mutane. Mu namu adanin yana bakin dattawa, kuma su ma sun cancanci jinjina. Ya kamata Kano ta killace ramukan Riruwai, ta naɗi muryoyin dattawan tun suna raye.