Alhamis ta Farko: Al'adar Sauya Bango Duk Wata a Ƙananan Ɗakunan Zane

A shekarar 1981 masu ƙananan ɗakunan baje kolin zane-zane a Pioneer Square, tsohuwar unguwar da birnin Seattle na Amurka ya faro daga cikinta, suka daidaita a kan rana ɗaya. Duk Alhamis ta farko a wata, da yamma, kowa zai bar ƙofarsa a buɗe, ya nuna sabbin ayyukan da ya rataya, mutane su bi ɗaki-ɗaki da ƙafa ba tare da an karɓi ko kwabo a hannunsu ba. Portland ta ɗauka a 1986. Philadelphia da Phoenix suka zaɓi Juma'a. Daga baya abin ya tsallaka teku, ya isa gabashin Landan, ya kuma isa Cape Town a 2012. Dabarar ba ta fi ta ranar kasuwa ba: da zarar an san ranar, ba a bukatar aika wa kowa goron gayyata.

Abin da ɗan kallo ba ya gani shi ne kwana biyu ko uku da suka gabaci wannan maraicen. A ƙarshen wata ake sauke zanen da ya gama zamansa, wanda aka saya a naɗe shi, wanda bai samu mai so ba mai shi ya zo da mota ya kwashe. Sai a bi bango a cike ramukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya, a goge, a shafa farin fenti. Sabbin zanen ba a ratayewa nan take. Ana jingina su a ƙasa a gindin bango, a ja da baya a duba, a ɗauke wannan a kai can, domin zane mai ja ƙwarai yana iya kashe na kusa da shi. Akwai ma awo da yawancin masu aikin ke bi: tsakiyar kowane zane ya kasance kusan santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mai matsakaicin tsawo. Bayan nan a karkata fitilu, a manna 'yar takarda mai ɗauke da sunan mai zane, sunan aikin, da kuɗinsa. Idan an sayi zane ba a cire shi sai wata ya ƙare. Ɗan jan ɗigo kawai ake mannawa a gefen takardar. Mai zanen da ya shigo ɗakin a tsakiyar wata, wannan ɗigon idonsa ke fara nema kafin ya gaisa da kowa.

Me ya sa wata ɗaya, ba mako biyu ba, ba wata uku ba? Manyan gidajen tarihi suna barin nuni guda ya yi watanni, domin suna da baƙi daga nesa da ke sauyawa kullum. Ƙaramin ɗaki a tsakiyar gari kuwa masu shigarsa kusan su ne dai a kullum: ma'aikatan ofisoshin kusa, malaman makaranta, 'yan fansho, sai abokan masu zanen. Wanda ya ga bango sau ɗaya ba zai dawo ba sai an ba shi dalili. Ga kuma mai gida, wanda shi ma wata-wata yake karɓar haya. Kalandar ɗakin zane, in aka bi ta a hankali, kalandar biyan haya ce.

Kuɗin kuwa ga yadda yake tafiya. A ɗakin da mutum ɗaya ya mallaka don kasuwanci, an saba raba kuɗin zane biyu, rabi na mai zane, rabi na mai ɗaki. Wanda bai san harkar ba zai ce an yi zalunci, amma daga wannan rabin ake biyan haya, wuta, talla, da cukun da giyar da ake ajiye wa baƙi daren buɗewa. Mai zane shi ma ba ya tafiya da nasa rabin cif, tunda firam da fenti da ƙyalle da kuɗin mota duk a wuyansa suke. Akwai wani nau'in da masu zane ke gargaɗin juna a kansa, inda ake sa mutum ya biya kuɗin bango tun kafin a rataya masa komai. Mai irin wannan ɗakin ya riga ya ci ribarsa, ko an saya ko ba a saya ba, don haka ba ruwansa da neman mai saye.

Hanya ta uku ita ce masu zane su haɗa kai su kama ɗaki da kansu. A farkon shekarun 1950 manyan dillalan New York ba su cika kula matasan masu zane ba, sai matasan suka kama shaguna masu arha a Titi na Goma, gabashin Manhattan. Tanager, wanda Lois Dodd da abokanta huɗu suka kafa a 1952, ya yi shekara goma yana aiki, yana maƙwabtaka da ɗakin aikin Willem de Kooning. Alex Katz da Philip Pearlstein duk sun nuna ayyukansu a can tun sunansu bai fita ba. Mambobi ke haɗa kuɗin haya, su share, su yi fenti, su yi zaman jiran baƙi bi da bi. A 1972 mata ashirin, cikinsu har da Nancy Spero da Howardena Pindell, suka bi wannan tsarin suka buɗe A.I.R. a unguwar SoHo, saboda a lokacin da wuya mace ta samu bango a manyan ɗakuna. Irin waɗannan ƙungiyoyi ne a yau suka cika ƙananan garuruwan Amurka, kuma yawancinsu kowane mamba yana jiran watansa ne ya zagayo.

Ba duk abin da ake ratayewa ne ke da kyau ba, wannan kam gaskiya ce. Ɗakin da ya ɗaukar wa kansa nuni goma ko goma sha biyu a shekara dole ya cika bango ko da me, kuma garin da bai kai ya kawo ba ba shi da gwanaye goma sha biyu. Shi ya sa ake yawan cin karo da zanen faɗuwar rana, da furanni a tulu, da tsohuwar gadar gari da aka zana sau ɗari saboda baƙi na saye. Sanayya ma tana aiki. Duk da haka, amfanin al'adar ga mai zane ba a ciniki ya tsaya ba. Mutumin da ke koyarwa da rana yana zane da dare zai iya shekara biyar yana jan aiki ɗaya. In aka ce masa bangon watan Mayu nasa ne, sai ya gama. Kuma a ranar ce zai fara ganin ayyukansa ashirin a jere, nesa da tarkacen ɗakinsa, ya gane da idonsa wanne ne ya tsaya da ƙafarsa, wanne ne firam ke rufa wa asiri.

Matsalar da ta fi girma nasara ce ke kawo ta. A Oakland ta jihar Kalifoniya wasu ƙananan ɗakuna suka fara nasu daren Juma'ar a 2006 da sunan Art Murmur. Cikin 'yan shekaru titin Telegraph ya koma filin biki: makaɗa, masu sayar da abinci, dubban mutanen da yawancinsu ba su leƙa ɗaki ko ɗaya ba. Waɗanda suka shiga ma, a cikin turmutsutsu, da kofi a hannu, baya suke juya wa bango suna hira. Ɗakunan suka raba gari da bikin titin, kuma a Fabrairun 2013 aka harbe wani matashi har lahira a wurin taron. Daga baya masu ɗakunan suka ƙara ba da ƙarfi ga yawon Asabar da rana, lokacin da mutum zai iya tsayawa gaban zane minti biyar ba wanda ya ture shi. Dillalai da yawa sun san cewa mai saye na gaske yakan dawo ne a irin wannan rana marar hayaniya.

Sai batun ƙasa. Masu zane suna zuwa inda haya ke da arha, wato tsoffin sito-sito da masana'antun da aka bari. Taron wata-wata ya sa unguwar ta yi suna, gidajen abinci su biyo, 'yan kasuwar gine-gine su biyo bayansu. Yankin Pearl na Portland a da filin jiragen ƙasa ne da ɗakunan ajiye kaya, kuma wani mai ɗakin zane ne ma ya raɗa masa sunan. Yau yana cikin unguwanni masu tsada a birnin. SoHo ta koma ta manyan kantunan tufafi, ɗakunan zane suka yi ƙaura zuwa Chelsea a shekarun 1990, A.I.R. ma ta bi sahu kafin ta ƙare a Brooklyn. Talakawan wasu unguwanni sun karanci wannan tarihin. A Boyle Heights ta Los Angeles, inda mafi yawan mazauna 'yan asalin Meziko ne, matasa suka riƙa zanga-zanga a ƙofar sabbin ɗakunan zane a 2016, suna cewa ɗakunan ne 'yan share fagen tsadar haya. Ɗaya daga cikin ɗakunan, PSSST, wanda ba don riba aka kafa shi ba, ya rufe a farkon 2017 bai cika shekara da buɗewa ba.