Moussa Maâzou: Ɗan Wasan da Aka Ɗora wa Jinka Shi Kaɗai

Duk lokacin da aka ambaci Moussa Maâzou a majalisar 'yan ƙwallo, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce gwarzo ne da ya fito da sunan Nijar, wasu su ce hazaƙa ce da ta tashi a banza. A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, ya saki rabi.

An haife shi a Yamai a 1988. Daga ƙungiyar soja ta AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, inda gudunsa da ƙarfin jikinsa suka ja hankalin manya. A 2009 CSKA Moscow ta saye shi. Daga nan matsala ta soma. Yaro mai shekara 20, wanda bai gama sanin Turai ba, ya faɗa ƙungiyar da ta yi masu horarwa uku a shekara guda: Zico, Juande Ramos da Leonid Slutsky. Wa zai zauna ya koya masa tsayuwa a gaban raga? Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya biyo baya yawon aro ne. A Monaco ya haskaka a 2010. Shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Lens, ta kai ƙungiyar wasan ƙarshe na kofin Faransa. Amma maimakon ya zauna inda ya fara samun gindin zama, sai ga shi a Bordeaux, inda abin bai yi armashi ba. Daga nan Tunisiya, Fotugal, Sin, Denmark. Ko a Marítimo da raga ta sake karɓarsa, bai cika kaka guda ba ya yi gaba. Ɗan wasan gaba yana buƙatar abokan da suka san inda zai ruga tun kafin ya ruga, kuma wannan sabo ba ya samuwa a wata shida. A nan masu sukarsa suna da hujja.

Sai dai idan aka zo ga Mena, hujjarsu ta raunana. A watan Oktoba na 2010, a filin wasa na Seyni Kountché, Maâzou ya ci Masar ƙwallo ɗaya tilo, Masar da ke riƙe da kofin Afirka sau uku a jere. Wannan nasara na cikin abin da ya kai Nijar gasar 2012, karo na farko a tarihinta, a gaban Afirka ta Kudu da Saliyo.

Za a ce ai bai ci ko ɗaya ba a gasar 2012 da ta 2013. Haka ne. Amma a wasanni shida Nijar gaba ɗayanta ƙwallo ɗaya ta ci, ta William N'Gounou a ragar Tunisiya. Salon wasan sananne ne: a taru a baya, a doka doguwa, Maâzou ya bi. Wannan kan yi aiki a zafin Yamai, amma da masu tsaron baya suka gane, sai su sa masa mutum biyu, shi ke nan hanya ta toshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hukuncina shi ne: a ƙungiyoyi Maâzou bai kai inda baiwarsa ta isa ta kai shi ba, kuma yawan sauya sheƙa ne ya ci shi. A rigar ƙasa kuwa ya ba da fiye da abin da aka tanadar masa. Tambayar da ta rage ta masu ruwa da tsaki ce: yaron da zai taso gobe daga Zinder ko Maraɗi, wa zai ba shi shawara kafin ya sa hannu a takarda, kuma wa zai miƙa masa ƙwallo idan ya dawo gida?