Jinjina ga Direbobin Kwatano zuwa Agadas

Kafin direban babbar mota ya bar tashar jiragen ruwa ta Kwatano, hanyar gaba ɗaya tana cikin kansa: Paraku, Kandi, Malanbil, gadar kogin Kwara, sannan Gaya. Ya san inda zai sha mai, inda zai kwana, da gangaren da ke cin birki.

Kafin rufe iyaka a 2023, a Gaya ake ganin haƙurin direbobi. Mota kan yi kwanaki tana jiran takardun duwan, direba ya shimfiɗa tabarma a inuwarta, yaron mota ya dafa shayi, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara ɗaure tamfol saboda ruwan damina, wanda a nan ya fi na ko'ina yawa a Nijar. Yaron nan ya fi kowa ba ni sha'awa. Shi ne na ƙarshen barci, shi ne na farkon tashi, kuma da wuya mai kaya ya san sunansa.

Daga nan sai giginyun Gaya su koma baya, a bi Doso, Dogondutsi, Ƙonni da Tawa, itatuwa na raguwa, har Agadas a gindin duwatsun Azbin. Shinkafa da magani su hau, albasa ta sauko.

Da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 2023 a Nijar, motoci suka yi dogon layi a Malanbil, farashin abinci ya tashi har kasuwannin arewa. Wasu direbobin suka koma doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, suna jiran rakiyar sojoji, da iyalansu a gida suna dakon kiran waya. Allah ya tsare muku hanya, ya mai da ku gida lafiya.