Ɓera, Giwa, Dila da Zaki: Inda Rabe-raben Salon 'Yan Poka Ya Gaza

A shekarar 2003 Phil Hellmuth, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan karta na poka a Amurka, ya fitar da littafi mai suna Play Poker Like the Pros. A ciki ya kasa 'yan wasa gida biyar, kowane gida da sunan dabba. Ɓera matsoraci ne, ba ya shiga sai da kati mai ƙarfi sosai. Giwa ba ta janyewa, duk abin da aka zuba sai ta bi. Dila, wanda a tatsuniyoyinmu malamin daji ne, a wurin Hellmuth ɗan ganganci ne mai zuba kuɗi ba kai ba gindi. Zaki yana da haƙurin jira, amma in ya shiga da ƙarfi yake shiga. Mikiya kuwa ita ce 'yan ƙalilan ɗin gwanayen duniya. Har yau da irin wannan rabo masu sharhi suke bayanin 'yan gasa. A ganina rabon yana da amfani, sai dai abin da ya iya kwatantawa kurakuran 'yan wasa ne. Ga gwanaye kuwa bai faɗi komai ba.

Poka caca ce, ba a musu. Abin da ya sa masana lissafi da na kwamfuta suka daɗe suna nazarinta shi ne tana nuna yadda ake yanke shawara alhali ba a san komai da komai ba. A nau'in da aka fi yi a gasa, wato Texas Hold'em, ana ba kowa kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa. In zagaye ya zo kanka kuma wani ya riga ya zuba, ko ka janye, ko ka bi, ko ka ƙara. Kowa da kwabban wasa daidai da na kowa yake farawa, wanda nasa suka ƙare ya fita.

Inda Hellmuth ya yi daidai shi ne tambayoyi biyu da ke ƙarƙashin dabbobin nasa: sau nawa mutum yake shiga, kuma in ya shiga, bi yake yi ko ƙari? Wanda ya gane yana zaune da giwa ya san burga ba za ta yi aiki ba, don ba ta janyewa. Burga a nan tana nufin ka zuba da yawa da kati mara ƙarfi don abokin karawa ya tsorata ya janye. Wanda ya gane ɓera kuwa sai ya riƙa kwashe ƙananan tuli a gabansa. Ga sabon shiga, wannan darasi ne mai kyau.

Matsala ta farko ita ce rabon ya mai da salo kamar halin da aka haifi mutum da shi. A gasa kuwa akwai kuɗin dole da ake zubawa kafin a ga kati, kuma yana ƙaruwa lokaci bayan lokaci. Dan Harrington, zakaran babbar gasar poka ta duniya ta Las Vegas a 1995, ya yaɗa wani ma'auni mai suna M a littafinsa na 2005: ka raba kwabbanka da abin da zagaye ɗaya na teburi zai ci maka. Mai kwabo 30,000, in zagaye yana cin 1,500, M ɗinsa 20 ne, yana da sararin jira. Bayan 'yan awanni, in zagaye ya koma 6,000, M ɗinsa ya zama 5 ko da bai yi asarar komai ba. A nan jira kashe kai ne, dole ya zuba duka da katin da da safe zai jefar. Mutum ɗaya ne, da safe kamar ɓera, da yamma kamar dila. To wace dabba ce shi?

Ta biyu ta fi ɓuya. Kwabon wasa ba kuɗi ba ne, kuma wanda ka ci bai kai darajar wanda ka rasa ba. Mu ɗauka mutum uku suka rage da kwabbai daidai wa daida, kyaututtuka kuma 50 da 30 da 20 ne. In gwanintarsu ɗaya ce, rabon kowa a lissafi kusan 33.3 ne. Sai biyu suka zuba duka a karawar da kowa ke da rabin damar ci. Wanda ya faɗi ya tafi da 20. Wanda ya ci ya ninka kwabbansa, amma rabonsa 43.3 kawai ya koma. Matsakaicin biyun 31.7 ne, ƙasa da inda suka fara. Na ukun da ya naɗe hannu yana kallo shi ne ya ci riba, nasa ya hau 36.7. Kafin karawar ta biya, sai damar cinka ta kai kusan kashi 57 cikin 100. Ka ga ke nan wanda ya janye a nan lissafi ya bi, amma mai kallo zai ce masa ɓera. Mai tarin kwabbai da ke matsa wa sauran lamba a irin wannan lokaci ma lissafin ne a bayansa, ba jarumta ba.

Ta uku ita ce burga kanta. Tun 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka nuna a littafinsu na ka'idar wasanni cewa burga tana fitowa ne daga lissafi. Misali, in ka zuba daidai da abin da ke tsakiya a zagayen ƙarshe, abokin karawarka zai sa ɗaya don ya ci biyu. Don kada ya samu mafita, sai burga ɗaya ta biyo kowane zubi biyu na gaskiya. In ka wuce haka, bin ka zai yi ta yi yana ci. In ka gaza, janyewa zai yi ta yi ba ka samun komai. A Janairun 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000 a Pittsburgh. A 2019 Pluribus ta yi nasara a teburin mutum shida, ciki har da karawa da Chris Ferguson da Darren Elias. Waɗannan gwaje-gwaje ba a tsarin gasar fitarwa aka yi su ba, amma sun nuna abu ɗaya ƙarara: da kati iri ɗaya manhajar takan ƙara wani lokaci, ta bi wani lokaci, bisa wani kaso da ta tsara. Ba ta da dabbar da za a kira ta da ita, shi ya sa ba a samu inda za a kama ta ba.

Sai kuma yadda ake yanke wa salo hukunci da sakamako. Harrington mai taka-tsantsan ya kai teburin ƙarshe a 2003 da 2004 a jere, aka ce haƙuri ne sirrin. Gus Hansen mai yawan shiga ya ci gasar Aussie Millions a Melbourne a 2007, aka ce matsin lamba ne. Duka biyun labari ne aka ɗora bayan an ga wanda ya ci. Ko katin A biyu, wanda ya fi kowane ƙarfi a farko, kusan sau huɗu cikin biyar yake doke wasu tagwayen kati na ƙasa da shi. Tsallake irin wannan karo sau biyar a jere damarsa kusan ɗaya bisa uku ce kawai. Gasar 2003 da Chris Moneymaker ya ci mutum 839 ne suka shiga. Ta 2024 ta tara 10,112. A irin wannan taro, nasara ɗaya ba ta isa shaida a kan kowane salo ba.

A yi wa Hellmuth adalci. Ya ci babbar gasar a 1989 yana ɗan shekara 24, kuma kambunsa 17 a jerin gasannin na duniya sun fi na kowa, duk da 'yan lissafi sun sha sukar yadda yake wasa. Wannan ba ya rasa nasaba da cewa gasa cike take da mutanen da suke da karkata ta gaske, kuma karanta su yana kawo riba fiye da bin daidaiton kwamfuta ido rufe. Amma lura da abin da hakan ke nufi: duk salon da za a iya gane shi daga nesa har a sa masa suna, ƙofa ce a buɗe. Dabbobin suna taimaka wa gwani ya gano raunin wasu, alhali shi ƙoƙarinsa kada a gane nasa.

Abin da littattafan salo ba su cika nanatawa ba shi ne kusan kashi 15 cikin 100 na masu shiga irin wannan gasa ne ke samun wani abu, sauran kuɗin shigarsu, dala 10,000 a babbar gasar, ya tafi ke nan. Wanda aka gaya wa cewa zama zaki ne mafita an ɓoye masa wannan adadi.