Sarauniyar Lugu a littafin Abdoulaye Mamani da sinimar Med Hondo

An haifi Abdoulaye Mamani a Gudumariya a 1932. Ya shiga siyasa cikin jam'iyyar Sawaba, ya yi gudun hijira har Aljeriya, da ya komo gida kuma aka tsare shi zamanin Seyni Kountché. Ya rasu cikin haɗarin mota a 1993. Littafinsa Sarraounia ya fito a Paris a 1980. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi sinima a 1986, ta ci babbar lambar FESPACO ta Wagadugu a 1987.

Labarin na ƙasar Hausa ne: tsayin dakan da Sarauniya Mangu ta Lugu ta yi gaban rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, rundunar da ta tarwatse wajen Maijirgi, kusa da Tasawa, bayan wata uku. Amma da faransanci aka rubuta shi, a Burkina Faso aka ɗauki sinimar, Aï Keïta da ta fito a jarumar kuwa ba da Hausa take magana ba.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne sunan littafin. A Lugu sarauniya sarauta ce mai bin jerin mata, mai riƙe da tsafin gari. Faransanci ya ruɓanya mata r, ya mai da ita sunan mace guda. Haka ma marubucin ya yi da tarihin: takardun Faransawa ba su ba ta wuri mai yawa ba, shi ya ɗora mata baka da kwari da jawabin ƴancin ƙasa, wanda bakin ɗan Sawaba ya fi fitowa cikinsa bisa ga na matsafiya. Ƙarfin littafin ke nan, nan ne kuma rauninsa, don mutanen da ke kewaye da ita sun zama inuwa kawai.

Wanda zai shirya shi don ajin yaƙi da jahilci a Gabi, cikin Madarumfa, zai fara cin karo da kalmar azna. Mamani ya sa ta da alfahari. A ƙasar Maraɗi anna ake cewa, a kunnen manomi musulmi kuma arne zagi ne. In an bar ta, wasu za su rufe littafin tun shafin farko. In an sake ta, rigimar Sarauniya da sarakunan musulmi, wadda ke ɗauke da babban sashe na labarin, ta rasa tushe.