Umarnin Dandali a Darasin Wasan Kwaikwayo: Tsokaci Daga Suleja

Rubutaccen wasan kwaikwayo yana da ɓangare biyu: maganar da 'yan wasa ke furtawa, da kuma bayanin da marubuci kan sanya cikin baka biyu game da shiga da fita, sutura, motsin jiki da yanayin murya. Tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau (1949) zuwa Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina (1979) an ci gaba da rubuta wasanni da Hausa, kuma kalmomi irin su "kashi" da "fitowa" sun zauna daram a bakin malamai. Amma wannan bayani na cikin baka biyu har yanzu sunansa yana rawa: wani malami ya ce umarni, wani ya ce ƙarin bayani, wani kuma ya tsallake shi ba tare da ya kira shi da komai ba.

Japanawa sun daɗe da warware irin wannan matsala. A rubutun wasansu na gargajiya da ake kira kabuki, akan fara irin wannan bayani da harafin "to". Daga nan suka haɗa shi da kalmarsu mai ma'anar rubutu, suka samar da "togaki". Ke nan daga aikin masu sana'ar kansu sunan ya fito.

Illar rashin tsayayyen suna ta fi bayyana a gari irin Suleja, inda 'ya'yan Hausawa da na Gbagyi da na Koro ke zama a aji ɗaya. Idan marubuci ya nuna cewa amarya ta durƙusa ta sunkuyar da kai kafin ta amsa wa surukinta, to a nan kunya da ladabi suke, domin amsar tata ba ta wuce kalma biyu ba. Ɗalibin da Hausa take harshensa na biyu, in aka tsallake masa wannan layi, ya rasa al'adar da aka so ya koya.

Saboda haka ya kamata manhaja ta tsayar da "umarnin dandali" a matsayin keɓaɓɓiyar kalma, a riƙa sa ɗalibi guda ya karanta shi a bayyane yayin da sauran ke aikatawa, sannan a shigar da shi cikin tambayoyin jarrabawa.